Gayyar Ƙarfen Sabis

Ƙarfen sabis ɗin da ke bayan garinmu a gonata aka kafa shi. Ba wai don na fi kowa ba. Gonar ce ta faɗo a kan tudu, tsakuwa ta cinye rabinta, gero ma sai ya ga dama yake fitowa. Mutanen kamfanin waya wuri mai tsayi suke nema. Suka yanki kusurwa guda, suka miƙar da ƙarfe mai ja da fari wanda in za ka ga ƙarshensa sai ka dafe hula, suka ajiye kwantena da janareta, suka kewaye da shingen waya. Daga nan suka tambayi mai unguwa ko akwai mutum mai amana da zai yi musu gadi. Mai unguwa ya ce mai amana dai sai an bincika, amma ga mai gonar nan.

Haka na zama ma'aikaci da furfura a gemu. Bokona bai wuce na karanta sunan gari a jikin mota ba, shi ma in motar a tsaye take. Aikin kuwa bai nemi fiye da haka ba: in buɗe ƙofa idan motar man gas ta zo, in kori awaki, in kasa kunne ga janareta, in ya fara tari in buga waya. Suka ba ni wata riga mara hannu mai ɗaukar ido, wadda na riƙa ɗorawa a kan kayana har wajen raɗin suna. A cikin kwantenar akwai na'urar sanyi, ta injuna ce ba tawa ba, amma sanyin yana silalowa ta ƙarƙashin ƙofa. Nan nake shimfiɗa tabarma in miƙe ƙafa. A duk faɗin garinmu dugadugaina ne kaɗai suka san abin da masu kuɗi ke ji a birni.

Mai zuwa duba kayan wani injiniya ne, magidanci, siriri, mai tabarau. Ranar da na gane Bazazzagi ne na ɗaga hannu na gode wa Allah da ya kawo mini bawa har gona. Bai ko ɗago kai ba ya ce shi dai a iya saninsa bawa ne ke riƙe makulli yana buɗe wa ubangida ƙofa. Ya kuma nuna kabewar da na shuka a gindin shinge, ya ce yana ganinta ya san ƙasar Kano ya zo. Tun ranar muka ƙulle. Yana ce mini Baba, ina ce masa bawana, in yana tare da baƙi in ce Injiniya don kada in zubar masa da girma.

Wata rana bayan azahar ya zauna a tabarmata da kwamfuta a cinya, ya daɗe yana kallonta ba ya taɓa komai. Na ce in fim yake kallo a bakin aiki zan kai ƙararsa. Ya ce garinmu yake kallo. Ya matso ya yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa tsoho bayanin magani. Wai a gefen titin da ya taso daga Kano ya bi ta Dawanau ya nufi Bici akwai waya binne a ƙasa, cikinta zaren gilashi ne da bai kai gashi kauri ba, haske ke gudu a ciki. Reshe guda aka jawo zuwa ƙarfenmu. Duk maganar da aka yi a waya a garin nan, duk hoton da aka tura, duk abin da samari ke kallo suna dariya su kaɗai, ta nan yake bi. A Kano kuma akwai wani ɗaki mai manyan alluna a bango, ma'aikata na karɓa-karɓa a gabansu, kowane ƙarfe da zanensa. Aikinsu su ga yawan abin da ke wucewa, da irin gudun da yake yi, da ko hanya ta cushe. In wani wuri ya samu matsala zanensa ya koma ja, sai su taso irinsu shi.

Abin da na fara tambaya shi ne ko suna jin abin da ake faɗa, saboda akwai maganganun da na sha yi a kan mai unguwa. Ya ce ba sa ji. Nauyin buhun suke gani, ba sa kwance shi. Lodi suke ce masa.

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Wani koren layi ne, yana hawa yana sauka kamar kunyoyi in ka tsuguna ka hango su daga gefe. Ya sa yatsa inda layin ya nutse ya ce nan Juma'a ce, muna masallaci. Nan da ya taso, an yi magariba an ci tuwo, kowa ya jawo wayarsa. Wancan da ya fi kowa tsawo, ƙwallo ake yi. Ya ja zanen baya ya nuna mini kaka, lokacin da aka kai wake Dawanau aljihu ya yi nauyi: layin ya haye kamar an ba shi taki. Sannan ya tsaya a kan wani rami da ya fi sauran faɗi.

"Baba, wannan Juma'ar limaminku ya ja huɗuba."

Gaskiya ne. Ranar ce liman ya sauka a kan masu ɓoye hatsi har ƙafafunmu suka mutu a zaune. Mutumin nan kuwa bai taɓa taka masallacinmu ba. Na janye ƙafata daga bakin kwantenar, ban san dalili ba, na ce masa ashe har yanzu Zagezagi ba su bar duba ba.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda ba sai na faɗa wa kowa ba. Mai ya tashi ya ja komai ya yi sama da shi. Takin zamani ya zama abin kallo a shago. Rama da tafasa suka samu daraja. A gidana rumbu kan yi ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, abin da ke riƙe mu daga nan zuwa sabon gero albashin gadin nan ne. Ba yawa gare shi ba, amma ba ya fashi, kuma ni da mai ɗakina da jikokin da aka bar mana a kansa muke.

Abin da mutane suka fara sayarwa, tun kafin akuya, babbar waya ce. Samari suka riƙa kai masu shafe-shafen nan kasuwa, suna dawowa da ƙarama mai tocila da ƙullin masara. Wanda bai sayar ba, ba ya sa data. Kati ma sai dole. Aka koma filashin: ka kira, ta yi ƙara ɗaya, ka katse, wancan ya san kana raye, ba a cire maka komai ba.

A cikin bazara, ana sharar gona an fara hango hadari a gabas, Injiniya ya zo. Na ce bawa ya shigo bai durƙusa ba, shi kuwa bai rama zolayar ba. Ya zauna ya buɗe kwamfuta ya nuna mini: kunyoyin nan sun kwanta kamar gonar da ruwa ya bi ta kanta. Ramin Juma'a ma da kyar ake gane shi. Ya ce man gas ya yi tsadar da kamfani ya fara duba ƙarafan da ke shan mai fiye da abin da suke ɗauka. Irin waɗannan kashe su za a yi, ɗan abin da ya rage a bar wa babban ƙarfen bakin titi. Namu yana ciki. Laraba ta sama zai zo da ogansu ya ga wurin.

Na tambaye shi abin da ke hana a kashe ƙarfe.

"Lodi, Baba. A ga mutane suna amfani da shi."

Ya ci gaba da wasu maganganu, na ji yana ambaton watanni, amma ni na riga na yi nisa. Halina ne tun ina yaro: in dabara ta shigo ta kunne ɗaya, ɗayan toshewa yake.

Ni fa na san masu zuwa duba abu. Na ga zamanin duba-gari, ranar da zai zo ake wanke randa. Na ga ranar da mai duba makarantu zai zo, aka aro benci a wajen mai shayi, aka aro yara daga ƙauyen gaba; ni kaina a irin wannan aron na fara shiga aji. Duk wanda ya taso daga birni, abin da ya tarar ranar shi yake komawa da shi. Oga zai zo Laraba yana neman lodi. To, a ba shi lodi ranar Laraba.

Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuwa a wajenmu gayya ake kira masa. Na sayi goro na tafi wajen sarkin noma, sa'ana ne, tare muka yi kiwo. Ya saurare ni har na gama, yana jujjuya goron. Ya ce shi ya kira gayyar noma, ya kira ta jinka, ya kira ta yasar rijiya, amma bai taɓa jin an yi wa ƙarfe gayya ba. Ya tambayi abin da za a zo da shi a maimakon fartanya. Na ce waya. Ya ce kati fa, wa zai sa wa mutane? Na ce ai ba sai an yi magana ba, filashin ya isa. Wayar da ke ƙara ai aiki take yi. Ya jinjina kai ya ce wannan dabara ce. Ina so a san wannan, don daga baya ya riƙa cewa shi tun farko bai yarda ba.

Ya tuna mini ƙa'idar gayya ba ta canza ba: mai gona ke ciyarwa, kuma duk wanda ya zo maka, ranar tasa za ka je masa da fartanyarka. Na ce na sani. Ban tsaya na tuna yawan gonakin garin nan ba, balle halin da ƙuguna ke ciki.

Saura ciyarwa. Na san mai ɗakina tana da gero a wata tukunya a ƙarƙashin gado, wanda take cewa babu, ni ma nake yi kamar ban sani ba. Da na gama kewaye-kewayena ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Malam, shi injiniyan ne ya ce a yi haka?"

"Kusan haka ya ce."

"Kusan."

Ta fi ni sanin abin da ƙarfen nan yake a gidanmu, ita ke auna abin da ake dafawa. Ta jawo tukunyar. Matan maƙwabta suka taya ta surfe da daka, aka dama kunun kanwa tsararo, wanda in ka leƙa ƙwaryar kana iya gyara hularka.

Laraba da hantsi gonata ta cika. Ashe kowa yana da nasa dalilin: mai sayen wake da ke jin farashin Dawanau kafin ya ɗaure kaya, matan da 'ya'yansu ke kudu, mai cajin waya da zai rasa sana'a. Mutanen ƙauyukan gefe ma suka zo, don sun ji akwai kunu. Wani ya zo da wayar da ta mutu tun bara, ya ce ko a gayyar noma akwai masu tsayawa a cika ido. Wata gyatuma ta zo da rediyon marigayi mijinta naɗe a zane. Ban kore ta ba. Na sa kowa ya matso gindin ƙarfen sosai, don a ganina daga kusa zai fi jin nauyin.

Sarkin noma ya jera maza sahu biyu suna fuskantar juna, kowa ya ba na gabansa lamba. Mata suka yi nasu a inuwar ɗorawa. Makaɗi ya gyara gangarsa. Na ce a fara tun kafin baƙi su iso, don su tarar ƙarfen ya ɗau zafi. Sarkin noma ya ɗaga hannu ya sauke.

Ban taɓa jin irin wannan ƙara ba. Wata wayar karatu take, wata kiɗa, wata carar zakara, wata dariyar jariri, duk a lokaci guda, ga ganga a kai. Makaɗi yana zuga samari kamar yadda yake yi in an kama kunyar noma, su kuma suna gasar wa zai fi danna. Rigima ɗaya ce ta riƙa tashi: dattawa hannunsu ya saba, waya na ƙara sai su ɗauka su yi sallama, a cinye wa mai kira ɗan abin da ke ciki. Sai da sarkin noma ya raba faɗa tsakanin wani da surukinsa, suna tsaye gaba da gaba, kowa da waya a kunne.

Can sai kira ya fara ƙin shiga. Mutane suka juyo suna kallona. Na ce alhamdu lillahi, ƙarfe ya fara cika, a ƙara himma. Mai sayen wake ya zo ya ce shi da gaske yake neman dillalinsa a Dawanau, ya kasa samu. Na ce ya yi haƙuri, yau ranar aiki ce.

A haka motarsu ta iso. Ta tsaya nesa, Injiniya ya fito shi kaɗai. Ogan, wani ƙaton mutumin kudu, ya kulle kansa a ciki. Daga baya na ji ya zaci bore ake yi. Injiniya ya ratso mutane, ya dubi sahu, ya dubi ganga, ya dubi gyatumar nan da rediyonta, ya iso gabana. Ya ce tun suna wajen Dawanau 'yan ɗakin nan na Kano suka kira shi, suka ce ƙarfenmu ya koma ja, ko inji ne ya haukace ko aradu ce ta faɗa masa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Lodi," na ce. "Kai ka ce a kawo."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya roƙi sarkin noma a dakata, ya ɗora kwamfuta a kan mota, ya kira ni. Rabin gari suka biyo ni. Wannan karon zane biyu ya nuna. Na farko ya tashi tsaye kamar mashi, yana neman ficewa daga allon. Na waiga na dubi sarkin noma, na gyara rigata. Injiniya ya ce wannan ƙwanƙwasa ƙofa ce, yawan waɗanda suka nemi shiga. Na biyu shi ne koren layin da na sani, mai nuna kayan da aka ɗauka. Yana kwance. Daidai hantsin nan ma ya ƙara nutsewa har ya fi ramin Juma'a zurfi, saboda 'yan kaɗan ɗin da ke magana da gaske mun tare musu hanya.

Ya ce kamar mu kwashi jakunan garin nan kaf mu kora su Dawanau da mangala babu komai, su cushe ƙofar kasuwa, mai buhu ɗaya na gaske ya rasa ta inda zai shiga. Hanyar nan, in ji shi, don manyan kaya aka gina ta, hotuna masu motsi da irinsu. Hira ma ɗan ƙulli ce a kanta, balle filashin. Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ko da yake a taro irin wannan babu abin da mutum ɗaya ke ji. Ya ce ko da yau mun cika layin har sama, ba yau ake dubawa ba. Tun kaka suke kallonsa kullum daga Kano, an riga an yanke magana. Oga ya zo ne ya ga ta inda babbar mota za ta shigo ta ɗauki janareta.

Na ce ai bai faɗa mini haka ba. Ya ce ya faɗa, ina kallon sama ina murmushi.

"Babu yadda za a yi, bawana?"

"Da akwai, Baba, da ban bari an zo nan ba."

Da ogan ya ga ba a jefi mota ba sai ya fito. Injiniya ya yi masa bayani da Turanci. Ya dubi zanen, ya dubi sahun mutane, ya fara dariya, ya dafa mota, dariyar ta ƙi tsayawa har ya zube a tabarmata. Ban ji haushi ba. Ni ma da a gonar wani ne da na fi shi. Da ya goge ido ya ce a faɗa mini sun kashe ƙarafa a wurare da dama, wasu an zage su, wasu ba a ma lura ba, amma ba a taɓa yi musu kiɗa ba. Ya nemi a maimaita kaɗan ya ɗauka a wayarsa. Mutanenmu kuwa suka maimaita, gyatuma har da ɗaga rediyo. Da aka tsagaita ya tura wa 'yan ofishinsu. Injiniya ya nuna mini wani ɗan ƙurji da ya taso a koren layin, ya ce hoton oga ne, shi ne kaya mafi nauyi da ƙarfen ya ɗauka tun safe.

Na ce wa sarkin noma a sallami mutane. Ya ce ba a watse gayya da kunu a ƙwarya. Aka zauna aka sha, har oga da Injiniya. Mai ɗakina tana rabawa ba ta dubi inda nake ba. Da yamma da na shiga gida na tarar ta wanke tukunyar nan ta kife ta a tsakar gida, inda dole in kewaye ta in zan shiga ɗaki. Tukunyar ta daɗe a wurin.

Ba a jima ba babbar mota ta zo ta hanyar da oga ya zaɓa, ta bi ta kan shukata. Suka kwashe janareta da injunan cikin kwantena da fararen akwatunan da ke sama. Ƙarfen suka bar shi, wai kwance shi ya fi shi tsada. Suka bar mini makulli, tunda babu sauran abin sata. Rigar ba su tambaya ba, ni ma ban tuna musu ba. Sabis ya koma sai an je wajen wata kuka a hanyar titi an ɗaga hannu sama. Albashi ya zo na ƙarshe, ya tsaya.

Sai ruwa ya zauna, noma ya kama, aka fara aiko mini da goro. A shekarun baya gayya ta ja baya a garinmu, mai hali 'yan ƙwadago yake ɗauka. A wannan daminar babu mai halin, ga shi na tuna wa mutane hanya, ga shi kowa yana bi na yini guda. Sarkin noma da kansa yake kawo saƙon, yana jin daɗinsa: gobe gonar wane, a zo da fartanya, ban da waya. Na yi noma a gonakin da ban taɓa sanin akwai su ba. Mai matacciyar waya ya kira ni. Gyatuma ma ta kira; na ce rediyo ai ba ya ciki, ta ce da ƙafarta ta zo. Samari kan ba ni kunyar gefe, kafin in kai rabi sun dawo sun tare ni. Makaɗi kuma in ya zo kaina sai ya kwaikwayi ƙarar waya da gangarsa.

Ƙuguna bai yafe mini ba har yau. Amma a gayya ana ci. Kunu da hantsi, wani gidan har da ɗan dambu, kuma matan da suka taya mai ɗakina daka sun san tukunyar da aka juye. In za a tashi sai a miƙo mini kwano a rufe a ce a kai wa mutan gida. Bai kai albashi ba. Akuya ta tafi, tunkiya ta bi ta, akwai ranakun da jikokin nan suka wuni a kan rama. Da haka dai muka ja har aka fara gasa tumu. Ranar da na shigo da damin farko na ga tukunyar ta bar tsakar gida. Ban tambaya ba.

Da kaka Injiniya zai je Bici wani aiki ya ratso. Kabewata ta samu sake, ta haye shinge ta kama ƙafar ƙarfen ta yi sama, 'ya'ya na reto inda da sai mai igiya da hular kwano ke hawa. Ya tsaya yana kallo, ya ce dama ya san ƙarshen duk abin da aka bar wa Bakano ke nan. Na tsinko manya na sa masa a mota, na ce ya kai Zariya su ga abinci. Na kuma tuna masa shi da ogansa sun sha kunun gayya ba su yi aikin komai ba, ana bin su noma.

Muka zauna a bakin kwantenar, babu sanyi. Na ce ya buɗe kwamfutar in ga layinmu. Ya ce babu shi. Wurin da yake a allon ɗakin nan ya koma toka-toka, daga baya aka cire. 'Yan wayoyin garinmu da ke kaiwa gindin kuka sun narke a cikin layin bakin titi, ba a bambance su da na matafiya.

"To yanzu ba ku san lokacin da muke shiga masallaci ba ke nan?"

"Ba mu sani ba, Baba."

"Ka faɗa musu muna shiga. Liman ma bai rage huɗuba ba."

Ya ce zai faɗa. Na raka shi mota, na dawo na kulle ƙofar shingen, saboda awaki da kabewa.